Muna son koyar da noma a cikin birni: da wa za mu haɗa kai, kuma yaya abin zai ɗore?

Wata shugabar ƙungiyar unguwa ce ta aiko da wannan tambaya: "Muna son fara koya wa mata da matasa noman kayan lambu a cikin gari. Wata makaranta ta ce za ta ara mana fili, akwai jami'a kusa da mu, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ta nuna sha'awar ba mu tallafin shekara guda. Ta ina za mu fara, kuma yaya za a yi kada abin ya mutu idan tallafin ya ƙare?"

Malama, sannunku da ƙoƙari. Tambayarki ta nuna kun riga kun hango inda gizo ke saƙar, tunda tun ba a fara ba kina tunanin ranar da kuɗin zai ƙare. Na daɗe ina aikin malamin gona tare da masu lambu a cikin birane, kuma abin da zan faɗa miki da farko shi ne kada ku soma da tsara darussa ko sa ranar bikin buɗewa. Koyarwar ita ce ɓangare mafi sauƙi a cikin wannan aiki. Duk shirin da na gani ya rushe, ba rashin malami ko rashin ɗalibai ne ya kashe shi ba. Ko dai an karɓe filin, ko ruwa ya gagara, ko kuma an gama horo an raba takardar shaida, babu wanda ya sake leƙa mutanen ya ga abin da suka shuka. Don haka ku gina haɗin gwiwarku a kan waɗannan ukun: fili, ruwa, da mutumin da zai tsaya bayan taro ya watse. Duk abokin tarayyar da ya zo, ku tambaye shi wanne daga ciki zai ɗauka.

Zan fi daɗewa a kan fili, domin nan ne kuka fi rauni a yanzu. Kin ce makaranta za ta ara muku. Wa ya yi alkawarin? Idan shugaban makarantar ne da baki, to alkawarin zai bi shi duk ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki. Ku binciko wanda ke da ikon filin a hukumance, hukumar ilimi ce, ƙaramar hukuma ce, ko mai makarantar ne, ku zauna da shi a rubuta yarjejeniya. Kayan aro ba ya rufe katara, amma aron da aka rubuta aka sa hannu ya fi na baka nesa ba kusa ba. A ciki a fayyace shekaru nawa aka ba ku. Shawarata kada ya gaza uku, in an samu biyar ko fiye ya fi, domin ƙasar birni yawanci a mace take, an tattake ta, ga ɓaraguzan gini, ga leda. Shekarar farko gyara kawai ake yi. Sai a ta biyu ko ta uku takin da aka zuba zai fara nuna kansa sosai. Wanda ya san za a iya korarsa baɗi ba zai ɓata ƙarfinsa wajen gyaran ƙasa ba, kuma yana da gaskiya.

A rubuta kuma ƙananan abubuwan da mutane ke jin nauyin tayarwa a zaman farko: wa zai riƙe mabuɗin ƙofa, ko za a bar ku ku shiga da sassafe da yamma da ranakun hutu, wa ke da tanki da shinge idan aka rabu, kuma idan mai filin na son abinsa wata nawa zai ba ku kafin ku tashi, yadda aƙalla za ku girbe abin da ke ƙasa.

Ba tsoratar da ku nake yi ba, abin ya sha faruwa har a inda ake ganin doka na da ƙarfi. A birnin New York na Amurka, mazauna unguwanni sun fara mayar da kangwayen filaye lambuna tun 1973, hukumar birnin ma ta kafa shirin GreenThumb a 1978 don tallafa musu. Duk da haka a 1999 hukumar ta sa lambuna sama da 100 a gwanjo, sai a ƙurarren lokaci wasu ƙungiyoyi biyu suka saye su suka cece su. A Los Angeles ba a yi wannan sa'ar ba. Gonar South Central mai eka 14, wadda iyalai wajen 350 ke nomawa, an tashe su aka bi ta da katafila a 2006 bayan filin ya koma hannun ɗan kasuwa. Akwai ma wani binciken da masana na Jami'ar Michigan suka jagoranta, aka wallafa a farkon 2024, wanda ya duba lambuna da gonakin birni 73 a ƙasashe biyar. Ya gano cewa a matsakaici kayan lambun birni sun fi na gonakin karkara jawo fitar iskar da ke ɗumama duniya, har kusan ninki shida, kuma babban dalilin shi ne katako da siminti da sauran kayan da ake gina lambun da su, a yi amfani da su 'yan shekaru a rushe. Wasu sun ɗauki binciken a matsayin suka ga noman birni. Ni abin da na karanta a cikinsa shi ne lambun da bai daɗe ba asara ce ta kowace fuska.

Ku duba kuma abin da dokar garinku ta ce. A birane da yawa tsoffin dokokin tsafta sun hana noma da kiwo a cikin gari, ko da ba a cika aiki da su ba. Nairobi sai a 2015 ta yi dokar da ta amince da noman birni kuma ta tsara shi, Kamfala ta riga ta da kusan shekara goma. Idan taku dokar ba ta fito fili ba, ku jawo hukumar birni cikin yarjejeniyar tun farko, ko da wasiƙar amincewa kawai za ta bayar.

Kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya, a gwada ƙasar. Nan ne jami'ar da ke kusa da ku za ta yi muku amfanin da babu mai iya yi sai ita, domin tana da ɗakin gwaje-gwaje. Abin da aka fi tsoro a ƙasar birni shi ne gubar dalma. Tana fitowa daga tsohon fenti, daga inda ake fasa baturan mota, daga garejin kanikawa, daga jujin da aka daɗe ana ƙonawa, da kuma hayaƙin fetur mai dalma na shekarun baya. An daina sayar wa motoci irin wannan fetur a duniya baki ɗaya a 2021, amma dalma ba ta ruɓewa, tana nan kwance a saman ƙasar bakin manyan tituna. Yara ƙanana da masu juna biyu ta fi yi wa illa, kuma su ne za su riƙa shiga lambun makaranta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage ma'aunin da take fara damuwa da shi a ƙasar gidaje daga miligiram 400 a kowane kilo zuwa 200 a 2024, wannan zai ba ku abin kwatance idan sakamako ya fito. A ɗebi ƙasa daga wurare da dama a filin, zurfin kamar santimita 15, a gauraya a kai. Inda ake zargi, kamar gindin tsohon gini ko inda aka taɓa tara shara, a ɗebi nasa daban.

Kafin sakamako ya zo, ku tambayi tsofaffin unguwar me aka taɓa yi a filin shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Sau da yawa abin da za su gaya muku zai nuna inda ya kamata a fi bincikawa.

Idan an sami dalma ba shi ke nan an fasa ba, sai dai in ta yi yawa ƙwarai. Yawancin hatsarin daga ƙurar da ake shaƙa ne da ƙasar da ke manne a hannu da ganye da saiwa, fiye da abin da shuka ke zuƙa. Ana ɗaga komaye sama a cika su da ƙasa mai tsafta da aka kawo daga wani wuri, a shimfiɗa wani abu a ƙarƙashi, a rufe hanyoyin tsakani da ciyawa ko dusar katako don kada ƙura ta tashi. Takin gargajiya mai yawa da rage tsamin ƙasa suna ɗaure dalmar ta yadda shuka ba ta cika ɗauka ba. Amfanin da ke 'ya'ya a sama, irin su tumatir da barkono, ya fi aminci a kan ganye da masu saiwa kamar latas da karas. Wannan duka darasi ne da ya kamata ya shiga cikin abin da za ku koyar, domin ɗalibanku za su koma su shuka a bayan gidajensu inda babu wanda ya gwada komai.

Sai ruwa. Ku yi lissafi da alƙalami kafin ku auna girman lambun. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. A lokacin zafi kayan lambu na iya shan milimita biyar ko fiye a rana, wato lambu mai murabba'in mita 100 na neman lita 500 kullum. Wa zai kawo wannan ruwan, wa zai biya, wa zai ɗauka a kai ko a baro? Idan famfon makaranta ne, ku sani ranar da takardar kuɗin ruwa ta ninka za a fara kallonku da wani ido, don haka a sa mita daban ko a yi yarjejeniyar abin da za ku riƙa biya. Wannan lissafin yana aiki a kan rufin gini ma: kwano mai murabba'in mita 100 zai tara muku kusan lita 1,000 a ruwan sama na milimita 10, in akwai indararo da tanki.

Akwai maganar da wasu shirye-shiryen ke kauce wa, ita ce ruwan kwata. A birane da yawa na Afirka da Asiya, Accra na cikinsu, manoma da dama da ruwan magudana suke ban ruwa saboda shi ne ke gudu rani da damina. Cewa ɗalibi "kada ka yi" ba ya hana shi idan ba shi da wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2006 waɗanda suka karɓi wannan gaskiyar, suka ce a jera matakan kariya da yawa maimakon dogara da guda: a bar ruwan ya kwanta kafin a ɗiba, a zuba a gindin shuka ba a kan ganye ba, a dakatar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin girbi, a guji shuka abin da ake ci ɗanye, a wanke amfanin da ruwa mai tsafta. Lambun koyarwarku dai ya yi amfani da ruwa mai kyau, amma a koya wa mutane waɗannan matakan. Ruwan da ke fitowa daga masana'antu ko majema kuwa babu matakin da ke gyara shi, a nisance shi kawai.

Yanzu ga batun da wa za a haɗa kai. Misalin da na fi so shi ne na birnin Rosariyo a Ajantina. Lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a ƙarshen 2001, hukumar birnin ta ƙaddamar da shirin noman birni a 2002 tare da wata ƙungiyar masana aikin gona ta garin mai suna CEPAR da shirin Pro-Huerta na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa. Abin lura shi ne yadda aka raba aikin. Hukuma ta ba da filayen da ba su ginuwa, gefen layin dogo da bakin manyan hanyoyi da wuraren da ambaliya ke ci, ta kuma buɗe kasuwannin da masu lambun za su sayar. Pro-Huerta ya kawo iri da ilimi. Ƙungiyar ta shiga unguwanni ta zauna da mutane. Jami'ar garin ta taimaka wajen gano filayen da ke zaune babu amfani. Kowa ya kawo abin da dama shi ne aikinsa, ba a ɗora wa kowa abin da ba ya iyawa ba, shi ya sa shirin ya wuce shekara 20 yana tafiya, har ya ci wata babbar lambar yabo ta birane ta duniya a 2021.

Ku auna naku abokan da wannan ma'aunin. Jami'a ta iya gwajin ƙasa da ruwa, gane cutar shuka, da horar da waɗanda za su horar da wasu. Ba ta iya zuwa ban ruwa kullum ba, kuma ɗalibanta na tafiya da zarar zangon karatu ya ƙare. Na ga unguwannin da aka gajiyar da su da takardun tambayoyi, ɗalibai su zo su ɗebi bayani su rubuta kundinsu, mutanen ba su taɓa jin sakamakon ba. Ku sa sharaɗi a rubuce cewa duk binciken da aka yi a lambunku za a dawo a bayyana muku shi a harshen da kowa ke ji. Ku nemi kuma a ba ku sunan malami ɗaya da ke da alhakin hulɗa da ku, domin "jami'a" ba ta ɗaga waya, mutum ne ke ɗagawa. Ofishin malaman gona na gwamnati shi ma ku je, ko da an ce muku aikinsu na karkara ne. Sau da yawa akwai ma'aikacin da ke zaune a cikin gari, yana da ilimin, kuɗin mota kawai ya rasa.

Ƙungiyar da za ta ba da tallafin shekara guda ita ce ke buƙatar a yi mata magana a fili. Kuɗin shekara ɗaya a kashe shi a kan abin da zai rage bayan shekarar: shinge, tanki, kayan aiki masu ƙwari, gwajin ƙasa, wurin renon iri, da horar da mutanenku. Ku yi hattara da abu biyu. Na farko alawus na halartar horo. Da zarar an fara biyan mutane don su zo, za ku cika aji da waɗanda kuɗin ya kawo, ranar da ya tsaya kuma su tsaya, har waɗanda da farko don Allah suka zo. Idan akwai masu nisa a biya musu kuɗin mota daidai, sauran a mayar da shi iri da taki. Na biyu yawan adadi. Masu tallafi na son rahoton da ya ce an horar da mutum ɗari biyar, kuma hanya mafi sauƙi ta samun wannan adadin ita ce taron bita na kwana biyu a ɗakin taro. Wannan ba ya fitar da manomi. Ku roƙe su tun yanzu su yarda a auna nasara da yawan waɗanda ke ci gaba da noma a zagayen shuka na biyu da na uku. Mai tallafin kirki zai yarda. Girma da sauri a kan kuɗin tallafi ya kayar da waɗanda suka fi ku ƙarfi: ƙungiyar noman birni ta Growing Power da ke birnin Milwaukee na Amurka, wadda Will Allen ya faro a 1993 ta kuma horar da dubban mutane daga ƙasashe daban-daban, ta rufe a 2017 bashi ya yi mata katutu.

Ku kuma ƙungiyar unguwa kada ku raina abin da kuka kawo. Ku ne kuka san wa zai zo da gaske, wa ke da rigima da wa, wace rana mata ke da sarari, wane maƙwabci ne zai yi ƙorafin sauro ko wari. Ku riƙe kujerar shugabancin kwamitin, kada ku zama masu tara jama'a kawai a zo a ɗauki hoto.

Game da yadda za a koyar, ba sai kun ƙirƙiro sabon abu ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wani tsari a Indunusiya a 1989 da ake kira makarantar manoma a gona, ya kuma bazu a ƙasashe masu yawa. Mutum 20 zuwa 30 ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako a cikin gonar kanta, tun daga shuka har girbi. Kowane zama ana farawa da zagaya shuka a ƙananan rukuni, a duba ganye sama da ƙasa, a kama ƙwari a ga wanne ke ɓarna wanne ke cin masu ɓarnar, a tona a ga damshi, sannan a zauna a yanke shawarar abin da za a yi a wannan makon. Ana ware komaye biyu gefe da gefe, ɗaya a yi masa yadda aka saba, ɗaya a gwada sabuwar dabara, kamar rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa. Bayan wata guda ba sai malami ya yi dogon bayani ba, gani ya kori ji.

Ku tuna kuma da yawa daga cikin ɗalibanku ba baƙin noma ba ne. A kowace unguwar birni akwai waɗanda suka taso a gona kafin su shigo gari, wasunsu sun fi malamin da aka turo sanin ƙasa. Ku nemo su ku ba su matsayin masu koyarwa. Abin da suke buƙata shi ne bambancin birni da karkara: ƙarancin wuri, inuwar gine-gine (mai 'ya'ya kamar tumatir na son rana ta aƙalla awa shida, ganye na haƙuri da ƙasa da haka), shuka a buhu da bokiti, gurɓatar ƙasa, da hatsarin feshin maganin ƙwari a inda yara ke wasa kuma tagar maƙwabci na buɗe. A kan feshi ni ina da tsauri. Lambun koyarwa a tsakiyar gidaje bai kamata ya dogara da guba ba, kuma duk wanda zai yi amfani da magani a gidansa sai ya san kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi, waɗanda ke rubuce a jikin kwalba amma ba kowa ke karantawa ba.

Haɗa taki ya cancanci makonni da yawa, ba darasi ɗaya ba, domin shi ne ke 'yantar da mai lambu daga saye, kuma birni cike yake da kayan haɗinsa. Busassun abubuwa kashi biyu ko uku, ɗanyu kashi ɗaya, damshi daidai yadda in an matse a hannu zai ɗan jiƙa tafi ba tare da ya zuba ba, a riƙa juyawa. Tarin da ya haɗu da kyau zafinsa na kaiwa digiri 55 ko fiye a ma'aunin Celsius, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa ba a zuba shi dab da girbi. Ƙa'idar da masu noma ba sinadari ke bi a Amurka ita ce kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa.

Yawancin waɗanda za ku horar ba su da fili a gida, haya suke ko ɗaki ɗaya. Idan duk darasin a kan komaye ne, za su koma ba su da inda za su gwada. A Dakar tun 1999 ake koyar da ƙananan lambuna a kan tebur mai faɗin murabba'in mita ɗaya, a cika shi da ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa maimakon ƙasa, a ajiye a tsakar gida ko saman bene. A unguwar Kibera ta Nairobi kuma noman buhu ya bazu daga 2008: a tsayar da buhu cike da ƙasa, a jera tsakuwa a tsakiyarsa don ruwa ya sauka, a huda gefe a dasa ganye. Ku ware wani ɓangare na lambun ku nuna irin waɗannan, da kayan da mutum zai iya tsinta ba sai ya saya ba.

Abin da ke biyo bayan horo shi ne ke raba shirin da ya rayu da wanda ya mutu. Sabon mai lambu zai ga ganyensa ya yi rawaya a mako na uku, kuma idan babu wanda zai tambaya a ranar, zai ɗauka hannunsa ne ba shi da albarka ya bari. Kyuba ta gane wannan lokacin da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta yanke mata man fetur da takin zamani, mutanen Habana, babban birnin ƙasar, suka koma noma a kowane kango. Bayan filaye, gwamnati ta buɗe ƙananan shaguna a unguwanni inda ake sayar da iri da dashe, kuma akwai masani zaune da za a kai wa ganye mai cuta ya duba. A birnin Detroit na Amurka, wasu ƙungiyoyi da sashen malaman gona na Jami'ar Jihar Michigan sun haɗu a 2003 suka kafa shirin da mai lambu ke biyan ɗan kuɗin rajista a shekara, ya karɓi iri da dashe a lokutan shuka, ya halarci darussa, kuma shirin yanzu na hidima wa lambuna sama da 1,000. A jihar Washington kuma, malaman gonar da tambayoyin mazauna birni suka yi wa yawa ne suka fara horar da 'yan sa-kai a 1973 bisa sharaɗin su biya da awannin amsa tambayoyin jama'a, tsarin da ya bazu a duk Amurka. Ku ɗauki wannan sharaɗin: duk wanda ya gama zagaye ɗaya kyauta, ya ɗauki sababbi biyu ko uku ya riƙa leƙa su.

Sai dai sa-kai na da iyaka. Dole a sami mutum ɗaya, ɗan unguwar, da ake biya ko da rabin albashi ne, wanda aikinsa buɗe lambu, tsara ban ruwa, renon iri, ziyartar gidaje da rubuta abin da ke faruwa. Na ga mata masu himma sun ɗauki wannan nauyin kyauta har suka gaji suka janye, lambun ya bi su. Tun a watan farko ku fara tattauna wanda zai ci gaba da biyan wannan mutumin a shekara ta biyu, hukumar birni ce, makarantar ce, ko kuɗin sayar da dashe da taki da 'yar gudummawar mambobi. Sayar da dashe musamman na kawo kuɗi fiye da yadda ake zato, domin wuri kaɗan yake ci kuma duk mai lambu na buƙatarsa.

Kada a yi wa matasa alkawarin arziki. Ƙaramin lambu na rage kuɗin cefane, yana sa ganye sabo a tukunya, wani lokaci a sami rarar sayarwa. Wanda ke son ya mayar da shi sana'a na buƙatar fili mafi girma da mai saye tabbatacce, kuma wannan wani haɗin gwiwar ne daban. Ƙungiyar Abalimi Bezekhaya ta Cape Town ta fara aiki da masu lambu a 1982, amma sai a 2008 ta kafa tsarin tattara amfaninsu tana sayar wa masu oda duk mako. Ku koya wa kowa rubuta abin da ya kashe da abin da ya girba tun zagayen farko, lissafin zai nuna masa da kansa ko ya faɗaɗa.

Tunda filin na makaranta ne, a shigar da yaran, a ba kowane aji komi nasa, amma kada a mayar da cire ciyawa horon mai laifi, kuma kada a ɗora ban ruwa a kansu, domin dogon hutu na iya zuwa daidai lokacin da shuka ke tsakiyar buƙata. A kuma yanke tun kafin shuka yadda za a raba amfanin: nawa na masu aiki, nawa na makaranta, nawa za a sayar a zuba a asusu. Rigimar rabon girbin farko ta tarwatsa ƙungiyoyin da suka jure fari da ƙwari.

Game da shekarar tallafin, ku nemi a fara ƙirga ta bayan an sa hannu a takardar fili kuma sakamakon gwajin ƙasa ya fito, ba kafin nan ba, sannan a daidaita ta da lokacin shuka na yankinku yadda za ta ɗauki zagaye biyu cikakku. A zagayen farko ku tsaya a rukuni ɗaya da rabin filin, sauran rabin a zuba masa taki a shuka wake ko wani mai gyara ƙasa, ya jira rukuni na biyu da 'yan rukunin farko za su taya koyarwa.